Randunan Innarki da Takardar Malam Ilu

Batsari,
Jihar Katsina.

Zuwa ga ɗiyata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Da sunan Allah na buɗe wannan takarda, sannan da gaisuwa gare ki da maigidanki Malam Nasiru. Allah Ya kai ku Safana lafiya, Ya kawar da idon mugu daga motar da za ku shiga, Ya sa ku sauka da sauran rana, kayanku cif, hankalinku kwance.

Ki duba da kyau, wannan rubutu nawa ne. Ba wanda ya riƙe mani hannu, ba kuma wanda na yi wa shifta. Ni ne Alhaji Sule mai gidan abinci na bakin tasha, wanda ya shekara sittin da ɗoriya yana dangwala babban yatsa a tawada, yau ga shi yana cika shafi. Mu goma sha huɗu ne a ajin yaƙi da jahilci, ni na zo na biyu. Wanda ya zo na ɗaya ya taɓa zama a firamare yana yaro, saboda haka masu adalci sun san yadda abin yake. Kwana tara na yi ina gina wasiƙar nan, kullum da hantsi, bayan an sallami masu karin kumallo. Ki karanta ta a natse, domin a natse aka rubuta ta.

Ba labarin gari zan ba ki ba, jiya-jiya kina cikinsa. Kin gaya mani za ki buɗe rumfar abinci taki a Safana, kuma na sa albarka. A ƙasan jakar da na ba ki za ki tarar da ƙunshin sabulu, a cikin wannan ambulan kuma akwai wata ƙaramar takarda a ninke. Duka biyun na Malam Ilu ne, tsohon maƙwabcinmu, malaminki na allo, wanda yanzu yake zaune wurin ɗansa a can Safana. Shekara huɗu ke nan rabona da shi. Na ji an ce jikinsa ya yi rauni, idonsa ma ya fara dushewa. Ina so ya yafe mani tun muna numfashi ni da shi, kuma ba ni da ɗan aiken da ya wuce ke. Sai dai ba zan aike ki da kayan da ba ki san nauyinsu ba. Saboda haka zan gaya maki abin da na yi, daki-daki, har da inda na yi maki ƙarya.

Abin ya faro ne daga randunan Innarki, Allah Ya jiƙanta. Lokacin kina ƙarama, rumfarmu ta kara ce, benci biyu da kasko ɗaya. A bayan rumfar, inda ake wanke-wanke, ta binne randuna uku a jere har wuya. A bakin ta farko ta ɗora gwagwa, domin ta tare ƙashi da shinkafa da ɓawon albasa. Ta huda kowace randa kusa da wuya, ta zura guntun tiyo zuwa ta gaba, amma bakin tiyon da ke ciki ta lanƙwasa shi ya nutse ƙasa, saura kamar taƙi ɗaya ya taɓa gindi. Hikimar ita ce, mai ba ya nutsewa. Idan ruwan wanke-wanke ya huta ya huce, maiƙo sai ya taso sama, laka ta kwanta ƙasa, tiyo kuma ya ɗauki ruwan tsakiya kawai. Kafin ya fita daga randa ta uku ya yi haske, shi take ba zogalenta. Kowace safiya, tun maiƙon yana daskare, sai ta durƙusa da ludayi ta yaye shi cikin wata tsohuwar tukunya. Idan tukunyar ta cika ta dafa shi, ta tace da ƙyalle, ta haɗa da ruwan tokar karan dawa, ta yi sabulun da muke wanke tukwane da shi. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma abin da ta gina shekara goma bai toshe ba.

Sai Allah Ya buɗa mani. Na yi gini na bulo, na sa tebura da kujeru, na sa aka rubuta allo da sunana, ko da yake a lokacin ban iya karanta shi ba. Ma'aikatan sakatariya suka mayar da wurin wajen cin abincinsu na rana. Masu abincin bakin tasha suka naɗa ni shugabansu, kuma ba don rashin wasu ba. Wata safiya wani baƙo mai babbar riga ya zagaya baya zai wanke hannu, ya tarar da Innarki a durƙushe tana yaye maiƙo. Ya dawo yana dariya, ya ce a gaban mutane, “Alhaji, ashe man miyar gobe tun yau ake haƙo shi!” Rumfa ta ɗauki dariya. Ni ma na yi dariyar, ta yaƙe. Kafin azahar na sa aka tone randunan nan uku, aka kira magini ya ja lambatu na siminti tun daga wurin wanke-wanke har waje.

Innarki ba ta yi gardama ba. Tana tsaye tana goge hannu da bakin zane ta ce, “To, Alhaji. Amma man nan sai ya sami inda zai kwana.”

Na ce, “Ya kwana inda ya ga dama, ba dai a idon baƙina ba.”

Ta sa aka kai randunan gida, aka kife su bayan rumbu.

Uwani, wanda ya yi wannan ba'a ya ci abincinsa ya shiga mota, ban sake ganinsa ba, na tabbata kafin ya kai Katsina ya manta. Ni kuwa saboda shi na rushe aikin matata. Idan wani ya yi maki dariya a kan tsafta, ki bar shi ya gama dariyarsa, sannan ki ɗauko sabulun ki nuna masa. Abin da ya kamata in yi ke nan. Ki yi aikin a fili, ki ware jarka guda ki rubuta mata MAN SABULU da manyan baƙaƙe, ki ajiye ta nesa da murhu, kowa ya gani ya san ba ta komawa tukunya. Ke kin iya rubutu tun kina shekara bakwai, wannan ba zai yi maki wuya ba.

Da aka yi lambatu na ɗauka na ci gaba. Wata uku bai cika ba ruwa ya fara tsayawa, ƙudaje suka samu wurin taro. Sai na ƙirƙiro dabara, kuma na yi alfahari da ita har na koya wa wasu: kowace yamma a tafasa babbar tukunya, a zuba garin sabulu, a kwarara a lambatu. Nan take maiƙon zai narke ya bi ruwa, siminti ya fito fes. Har man suya da ya yi baƙi, wanda a da Innarki take tacewa ta adana, na ce a riƙa bin sa da ruwan zafi a tura shi. Idona ya daina ganinsa, sai na yanke hukuncin cewa babu shi.

Kin san yadda lambatun yake tafiya. Daga bayan rumfa ya bi gindin katanga, ya shige ƙarƙashin falalen simintin da ke ƙofar zauren Malam Ilu, sannan ya faɗa babbar kwata. Ruwan da ya bar wurina da zafi, kafin ya kai ƙofar Malam ya huce. A nan man yake daskarewa, a inda ba mai gani. Yashi ya zo ya manne, leda ta zo ta manne, gobe wani man ya zo ya rufe su.

An gargaɗe ni sau biyu. Duba-gari ya zo, mutum mai natsuwa, ya tsuguna ya zura sanda ƙarƙashin falalen, ya zaro ta fari fat da kitse. Ya ce, “Alhaji, ka tare man nan tun daga wurinka, ruwan zafi gaba kawai yake kai shi.” Na sa aka zubo masa shinkafa da cinyar kaza. Ya ce ya gode, ya ƙoshi, ya maimaita maganarsa ya tafi. Na ce wa mutane yaron bai san da wa yake magana ba.

Na biyu Malam ne da kansa. Kin san shekara talatin muna ciyayya da shi. Bayan Magariba in shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, akushina ya fito, nasa ya fito, mu ci tare kafin a kira Isha'i. Shi kaɗai a garin nan yake ce mani Sarkin Tuya, ni kuma in ce masa Alaramma Mai Ƙaramar Loma. Ran nan ya tsoma tuwo a miya, ya ɗaga ya duba, ya ce, “Sarkin Tuya, ni fa na lura lambatunka ya fi miyarka mai. Gobe can zan kai tuwona.”

Na ce, “Alaramma, hancinka ne ya tsufa, yana jin warin da babu.”

Ya ce, “Hancina da gemunka sa'o'in juna ne. Ka dai sa a duba.”

Muka yi dariya, ban sa an duba ba. Mutum mai kunya irin Malam, idan ya kai ga faɗa maka abu cikin wasa, to ya daɗe yana haƙuri da shi. Wannan ban gane shi ba sai daga baya. Ke ki gane shi tun yanzu. Ranar da kika kama rumfa, kafin ki hura wuta, ki bi ruwan wanke-wankenki da ƙafa, ki ga ƙofar wa yake wucewa da inda yake ƙarewa. Ki gaida masu gidajen, ki ce idan sun ji wari su gaya maki. Idan kuma suka gaya maki da dariya, ki ɗauke shi kamar sun kai ki gaban alƙali.

Ga yadda za ki yi. Ba sai kin nemi randa ba, ko da yake na fi son randa don tana sanyaya ruwa. Duro biyu ko uku na roba sun isa, da bututu mai gwiwa wanda bakinsa zai kalli ƙasa. Ki tsaya a kan mai haɗawar, domin idan ya sa bututun a saman ruwa, man zai bi ya wuce, an yi aikin banza. Ki sa murfi saboda ƙuda da yara. Kada kwano ya shiga ruwa sai an kankare shi. A share maiƙonsa da dusa, dusar a ba kaji ko awaki. Kasko a bar shi ya huce, a juye mansa a jarka, a goge shi da toka. Yayewa kullum ne da safe, ba sai ranar da kika tuna ba, lakar ƙasa kuma a kwashe ta duk mako a kai juji. Ruwan duro na ƙarshe, idan babu shuka kusa, a haƙa masa rami a cika da tsakuwa, nesa da rijiyar kowa. Man da ya yi baƙi yana kumfa kada ki sake soya abincin mutane da shi, kada kuma ki ba wanda kika san zai soya. Na taɓa yin haka a shekarun farko, ina ƙara sabo a kan tsoho, har wani direba ya ce ƙosaina yana bin sa da gyatsa har Jibiya. Wannan man na sabulu ne. Wanda ya rage masu amalanke suna so don ƙafafun amalankensu, ana kuma shafa shi a gindin dirka saboda gara.

Yanzu na zo inda alƙalamin yake yi mani nauyi.

Innarki ta rasu kina makarantar kwana. Malam Ilu ne ya yi mata salla, shi ne kuma ya zauna kusa da ni kwana bakwai, yana amsa gaisuwar da na kasa amsawa. Bayan haka mutanen ƙauyukan wajen Ruma suka yi ta shigowa gari saboda rashin tsaron da kika sani, bakin tasha ya cika, tukwanenmu suka ƙaru, wanke-wanke ya ninka. Da damina ta gaba, wata ranar bayan La'asar, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ruwan unguwa ya taho ya tarar da ƙarƙashin falalen nan a toshe. Da bai sami hanya ba sai ya juya ya shiga zauren Malam, ya tafi da duk abin da na shekara ina turawa.

Malam yana masallaci, ruwa ya tsare su. A zauren akwai buzunsa da allunan yara, akwai kuma wani akwatin katako a ƙasa. Cikin akwatin akwai gafaka, cikin gafakar akwai Alƙur'anin da mahaifinsa ya rubuta da hannunsa a Ruma, warƙa-warƙa, tun Malam bai yi wayo ba.

Washegari da hantsi na zagaya. An fasa falalen, maza suna sara da diga. Abin da suka fitar ya yi kama da farin dutse, ga tauri ga ɗoyi, baro uku aka cika. Ba wanda bai san daga inda ya fito ba. A gefe Malam ya shimfiɗa tabarmi a rana, ya jera warƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, kowace ya danne ta da tsakuwa. Da ruwa ne kaɗai da wasu sun tsira, domin ruwa yana bushewa. Mai ba ya barin takarda. Warƙoƙin sun zama kamar fatar albasa, ana hango tabarma ta cikinsu, tawadar ta narke ta bi maiƙon.

Na tsaya a kansa da babbar rigata. Mutane suna kallo, ni kuma shugaban masu abinci ne, ina so a ga na yi abin girma. Na ɗaga murya na ce, “Alaramma, kada ka damu, ai takarda ce. Jibi zan shiga Katsina in sayo maka sabo dal, bugun Madina, mai bango mai ruwan zinariya. Ya ma fi wannan kyan gani.”

Bai ɗago ba. Ya gyara wata tsakuwa, ya ce, “Alhaji Sule, rubutun babana ne.”

Ban taɓa jin ya kira ni da wannan suna ba sai ran nan. Ni kuwa, Allah Ya yafe mani, haushi na ji. Na ce a raina na yi tayin alheri an watsa mani ƙasa a ido. Na sayo Alƙur'anin kamar yadda na faɗa, na aika masa. Ya karɓa, ya aiko da godiya, ya sa shi a masallaci kowa ya karanta. Da Magariba na shimfiɗa tabarma, bai fito ba. Na aika da akushi, aka dawo da shi da saƙon cewa cikinsa ba ya son abu mai nauyi kwana biyu. Kullum muna haɗuwa a sahu, ya ba ni hannu, ya tambayi lafiyata da taki, ba ya rage ko ɗaya daga cikin gaisuwa. Sarkin Tuya ne dai ban sake ji ba. Da kaka ta yi, ɗansa ya zo da a-kori-kura ya kwashe su zuwa Safana. Ina cikin rumfa ina jin ana ɗaure kaya. Na ce shi ya kamata ya shigo ya yi mani sallama, tun da shi ne mai tafiya. Ya aiko a gaya mani ya tafi, a yafi juna. Na ce a ce masa Allah Ya kiyaye hanya. Ban fita ba.

Da kika dawo hutu kika tambaye ni, na ce maki rashin tsaro ne ya tashe su. Ƙarya na yi maki. Ni na tashe su.

Shekara uku ina ganin ni aka yi wa laifi. Abin da ya buɗe mani ido a ajin yaƙi da jahilci ya faru, bara. Akwai shafin da na fara rubuta sunana cikakke ba tare da kallon allo ba. Baƙaƙen sun karkace kamar shingen da awaki suka bi, amma nawa ne, kullum sai na buɗe na dube shi. Wata rana muka fita shan iska, abokin zamana, wani tsohon tela, ya ɗora ƙunshin ƙosansa a kan littafina a buɗe. Da na dawo, mai ya ratsa shafin, sunana yana iyo a tsakiyar tabo. Uwani, na ɗaga hannu zan mari dattijo mai furfura. Malaminmu ya shiga tsakani yana cewa, “Haba Alhaji, ai littafi ne. Ga sabo nan a kabad, ɗauki.”

Sai na sauke hannuna, na zauna. Muryata ce na ji a bakin wani. Layi ɗaya ne nawa, na wata uku, kuma ina raye zan iya sake rubuta shi. Na Malam izu sittin ne, hannun da ya rubuta su kuma yana cikin ƙasa. Kowane wasali a ciki, mahaifinsa ya sunkuya a kansa. Ni kuma na tsaya da babbar riga na ce masa takarda ce.

Ki riƙe wannan fiye da duk maganar duro da bututu. Idan kika yi wa mutum ɓarna, kada ki fara da abin da za ki saya masa. Ki cire takalmi ki durƙusa inda yake durƙushe, ki taya shi danne warƙoƙin, ki ce kin yi laifi. Kada ki auna asarar wani da abin da ke kika sani, domin wataƙila abin da ya rasa ba ki taɓa mallakar irinsa ba. Kuma idan maƙwabci zai tashi, ki fita, ko da ke ce mai gaskiya, balle ba ke ba ce.

A wancan makon na tono randunan daga bayan rumbu. Biyu suna nan lafiya, ɗaya ta tsage na liƙe ta da siminti. Kin gan ni ina binne su, har kika ce, “Baba, yau kuma Inna ka zama?” Na ce maki umarnin duba-gari ne. Wannan ma ba haka ba ne, ba wanda ya umarce ni. Tun daga ranar, ni nake yaye maiƙon da hannuna kowace safiya, kuma wanda ya ga dama ya zagayo ya kalla. Sabulun kuwa sai da na je wurin Gwaggonki Ladi ta koya mani, bayan ta yi dariya har ta riƙe ciki. Na farko ya ƙi kamawa. Na biyu toka ta yi yawa, ya ci mani tafin hannu. Wanda ke cikin jakarki shi ne na uku. Na gwada shi a kan babbar tukunya, ya fitar da ita. An yi shi ne da man da a da ƙofar Malam zai tafi.

Za ki ce me ya hana ni zuwa da kaina, Safana ba Makka ba ce. Na kan ce wa mutane hanya ce ba kyau, kuma gaskiya ne ba kyau. Amma sau biyu ina zuwa tasha, ga ta nan a ƙofar rumfata. Na biyun har na zauna a gaban mota, da aka kusa cika na ce na yi mantuwa na sauka. Ba ’yan bindiga nake tsoro ba a ranar. Tsoro nake in yi sallama ya amsa mani da Alhaji Sule. An ba ni lambar wayar ɗansa, ban kira ba. Maganar da ta lalata rubutun hannu, na ga ya dace rubutun hannu ya je ya ba da haƙurinta.

Gidan nan yanzu ya yi mani yawa. Matan da muka ɗauka aiki za su ci gaba da girki, ba abin da zai tsaya, kada ki sa damuwa. Sai dai da sun wanke tukwane sun tafi gidajensu. Jiya da Magariba na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, na lura har yanzu gefe ɗaya nake zama, ina barin rabin. Zauren Malam wani mai cajin waya ya kama shi. Yaron kirki ne, yana gaishe ni, yana ce mani Baba Alhaji. Kowa a garin nan da girmamawa yake kirana. Na nemi girman, na kuwa same shi, ba wanda ya rage da zai dubi miyata ya ce ba ta da mai. Ke ce ta ƙarshe da kike yi mani dariya, ga shi za ki tafi, kuma daidai ne ki tafi.

Saboda haka ga aikenki. Kada ki wuce kwana uku ba ki je ba. Ki tafi da maigidanki, da safe, lokacin da tsofaffi suka fi jin ƙarfi. Ki gaishe shi gaisuwar ɗaliba, kada ki yi gaggawa. Ki ba shi sabulun, ki gaya masa da abin da aka yi shi da wanda ya yi shi. Idan ya yi dariya, ki riƙe mani yadda dariyar take. Sannan ki miƙa masa takardar. Malam ba ya karanta boko, ke za ki karanta masa, amma ki bari ya riƙe ta tukuna, ya shafa ta, ya kai ta kusa da idonsa. Ki ce masa hannun Sule ne. Layi biyar ce kawai, sau goma sha ɗaya na sake ta, kuma babu Alhaji a ciki, babu shugaba. Kada ki ƙara mata komai, kada ki roƙe shi a madadina. Idan ya yi shiru ki bar shi da shirunsa, yana da hakki.

Abu ɗaya nake so ki kawo mani. Idan ya tambaye ki lafiyata, ki saurara da kyau ki ji da wane suna ya kira ni. Ki rubuto mani shi yadda ya faɗa, kada ki gyara don ki faranta mani, yanzu ina iya karantawa da kaina. Idan Alhaji Sule ya ce, na karɓa, zan ci gaba da yaye randunana. Idan kuwa ɗayan ne, ki share mani wurin kwana, motar farko zan shigo, kuma ba zan yi mantuwa ba.

Allah Ya tsare ki a hanya da gida da bakin murhu. Ya tsare maigidanki a wurin aikinsa, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da waɗanda aka kora gonakinsu. Allah Ya sa ruwan rumfarki kada ya cuci kowa. Ya jiƙan Innarki, Ya ba Malam Ilu lafiya, Ya ara mana kwana ni da shi. Amin.

Ni ne mahaifinki,
Sule.

Ƙarin magana: takardar Malam kada ki sa ta a jaka ɗaya da sabulun. Sabulun sabo ne, yana iya tsatso mai. Ki naɗe ta a ƙyalle mai tsabta, ki riƙe ta a jikinki har ki isa.